Wane tudun rage gudu ya dace da layinku, kuma kwana nawa za ku iya rufe hanya?

Duk layin da aka shimfiɗa wa sabuwar kwalta, murna ba ta daɗewa sai wata damuwar ta biyo baya. Ramukan da ake kuka da su a da, su ne ke sa direba tafiya a hankali. Da hanya ta yi sumul, sai mai babur da ɗan Adaidaita Sahu da yaron da ya ɗauko motar babansa su dinga sheƙa gudu ta ƙofar gidajen mutane, a daidai lokacin da yara ke fitowa daga Islamiyya. Daga nan kwamitin unguwa zai zauna, a yi karo-karo, kowa ya yarda a yi tudu. Inda ake rabuwa shi ne wane iri. Wani ya ce a kira birkila ya zuba kankare, wani ya ce na roba ya fi sauri, mai shago a bakin layi kuma abin da ya dame shi kwana nawa za a tare masa ƙofa.

Wannan tambaya ta mai shago ita ce aka fi rainawa a wurin taro, alhali ita ya kamata a fara amsawa. Yawancin munanan tudun da muke gani, masu tsini, masu ɓarɓashi, waɗanda suka tsage tun watan farko, an yi su ne a gurguje don kada hanya ta kwana a rufe. Kowane irin tudu yana da kwanakin da yake buƙata. Unguwar da ba za ta iya ba shi waɗannan kwanaki ba, gara ta zaɓi wani iri tun farko.

Gudun da ake nema

Dokar tuƙi ta Najeriya ta sa kilomita 50 a awa a matsayin iyakar gudu a cikin gari, amma 50 ta yi yawa a layin da yara ke wasa. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 30 kuma mita 8 da 'yan kai. Idan yaro ya fito da gudu, direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya taka birki, mai gudun 30 zai tsaya cik a wajen mita 13 a busasshiyar kwalta. A daidai wannan wuri mai gudun 50 bai ma fara taka birki ba. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda masu tafiya a ƙasa ke cakuɗuwa da ababen hawa. Abin da ake so ga tudu ke nan: ya sauko da direba zuwa 30 ko ƙasa da haka, ya riƙe shi a nan har ƙarshen layi. Tudun da ke sa mota tsayawa cik, ta haura da kyar, sannan direba ya taka totur da fushi, bai yi aikinsa ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi, kuma a haɗa da fenti, allon gargaɗi, fitila, ladan mai gadi a daren aiki, da gyaran shekara-shekara. Farashin siminti da kwalta yana sauyawa tsakanin wata da wata, don haka zan auna da yawan kaya, ku kuma ku kai lissafin kasuwa. Na biyu ƙarko: rana, ruwan damina da tayar tifa ne ke gwada tudu. Na uku sauƙin aiki, wato ko ma'aikatan unguwa za su iya ko sai an ɗauko kamfani da injina. Na huɗu kwanakin rufe hanya. Na biyar haɗari ga mai babur da dare, ga mai naƙuda a bayan Adaidaita, ga motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, ga ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki. Sai na shida, wanda ake tunawa da shi bayan ruwan farko ya sauka: ina ruwan sama zai bi?

Akwai abu biyu da ke kan kowane zaɓi. Ɗaya shi ne siffa. Tudun da cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila ta gwada a farkon shekarun 1970, wanda ƙasashe da yawa suka ɗauka, faɗinsa ta inda mota ke bi ƙafa 12 ne, wato mita 3.7, tsayinsa kuma bai wuce inci 4 ba. Daga baya ma an fi karkata ga inci 3. Wannan shimfiɗaɗɗen tudu ne, mota tana hawa ta sauka a natse idan tana tafiya a hankali, idan kuwa da gudu ta zo sai ya wujijjiga ta. Abin da muka saba gani a layukanmu akasinsa ne: faɗi ƙafa ɗaya ko biyu, tsayi inci 6 ko fiye. Irin wannan yana kartar cikin ƙaramar mota, yana kayar da babur, babbar jif kuma takan tsallake shi da gudu ba tare da ta ji komai ba. Ɗayan abin shi ne tazara. Tudu guda yana rage gudu ne a inda yake kawai. Layi mai tsawo yana buƙatar a jera su, tsakanin kowane biyu mita 60 zuwa 100.

Kafin a sari hanya kuma a san ta wace ce. Akwai ta tarayya, ta jiha, da ta ƙaramar hukuma. A Kano takarda kan bi ta hannun mai unguwa da kansila zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko zuwa hukumar gyaran tituna ta KARMA da hukumar tsara birane ta KNUPDA idan titin na jiha ne, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA kuma ta taimaka da karkatar da motoci ranar aiki. A Kaduna akwai hukumar tituna ta KADRA da hukumar kula da dokokin hanya ta KASTLEA. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da ofis a kowace jiha, kuma shawararta kan wuri da alama tana da amfani. A 2017 Majalisar Dattawa ta nemi a cire tudun da aka yi ba bisa ƙa'ida ba a titunan tarayya. Abin baƙin ciki ne a tara kuɗin marayu da zawarawa a gina abu, mako biyu katafila ta zo ta kwashe shi saboda ba a nemi izini ba.

Tudun jan ƙasa

Tifa ɗaya ta marmara da matasa goma masu shebur, an gama kafin azahar. Babu abin da ya kai shi araha, ba a kuma rufe hanya sai na 'yan awanni. A layin da ba kwalta, shi ne zaɓin da ya dace, muddin an shimfiɗa shi ƙafa 12, an yayyafa ruwa, an daddaɓe shi sosai. Damina ɗaya takan cinye shi, sai a sake.

A kan kwalta kuwa ban yarda da shi ba. Ƙasar ba ta kama kwalta, tayoyi na watsa tsakuwarta, mai babur ya zo ya taka birki a kai ya zame. Haka nan igiya mai kauri, gungumen icce, tsofaffin tayoyi, da yanka rami a tsakiyar titi. Ramin ya fi duka muni, domin ta nan ruwa ke shiga ƙarƙashin kwalta, shekara ta zagayo wurin ya zama kududdufi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Tudun roba

Ana sayar da shi gunduwa-gunduwa, baƙi da ruwan ɗorawa, da 'yan madubai masu ƙyalli a jiki. Ana huda titi da na'ura a ɗaure shi da dogayen kusoshi. Mutum biyu da janareta za su gama guda cikin awa biyu zuwa uku, kuma ana iya yin rabin hanya motoci na bin ɗaya rabin. Ta fuskar rufe hanya babu kamarsa. Ana ganinsa da dare tun ranar farko ba tare da fenti ba. Idan aka ga an sa shi a wurin da bai dace ba, a kwance a matsar.

Sai dai yawancin wanda ke kasuwa siriri ne, faɗinsa bai kai ƙafa biyu ba, an yi shi ne don harabar asibiti, gidan mai da wurin ajiye motoci, inda dama a hankali ake tafiya. A layi mai zirga-zirga yana dukan mota da ƙarfi, ƙarar kuma tana shiga ɗakin wanda tagarsa ke kusa. Zafin Maris da Afrilu kan tausasa kwalta, kusoshi su yi lako-lako, manyan motoci su fizge gunduwa ɗaya bayan ɗaya. Gunduwar da ta fita takan bar kusa a tsaye tana fasa taya, masu babur kuma duk su koma bin giɓin. Ga kuma masu kwance kayan mutane da dare. Kuɗinsa matsakaici ne, amma da yake daga waje ake shigo da mafi yawansa, farashin yana bin dala. A layin ƙasa ba ya kafuwa sam.

Tudun kwalta

Ta fuskar daɗin hawa shi ne kan gaba, domin jikinsa ɗaya da titin, ba gaɓa ba tsini. A titi mai faɗin mita 7, tudu mai ƙafa 12 da inci 3 yana cin kwalta kimanin tan 3. Ana share wurin, a karce gefunan, a shafa ruwan kwalta don ya kama, a zuba, a daidaita da katakon awo, rola ta danne. Da ya huce an buɗe hanya, yini guda ya isa a yi uku ko huɗu.

Matsalar ita ce samun kayan. Kwalta da zafinta ake aiki da ita, daga injin haɗawa zuwa wurin aiki kafin ta sandare, kuma ba kowane kamfani ne zai tayar da mota da rola saboda tan 3 ba. Lokacin da ya fi dacewa a nemi wannan tudu shi ne sa'ad da ɗan kwangila ke kan aikin layin, injinansa na nan. A wannan lokaci kuɗin kaɗan ne, wani sa'in ma a cikin kwangilar za a sa idan kwamiti ya rubuta da wuri. Bayan sun kwashe kaya sun tafi, kuɗin kawo injina zai iya fin na kwaltar kanta.

Yana shekaru a layin ƙananan motoci. Inda tifofin yashi da tankokin ruwa ke bi kullum, zafi da nauyi kan tura shi gaba, ya yi kunya-kunya a inda tayoyi ke taka birki. Man gas da ke ɗiga daga manyan motoci ma yana narka shi. Babban haɗarinsa launi: baƙi ne a kan baƙi. Idan ba a yi masa farin fenti a ranar ba, a daren farko wani zai faɗi. Kada a buɗe hanya sai fenti ya bushe.

Tudun kankare

Wannan shi ne wanda unguwanni suka fi zaɓa, kuma da dalili. Siminti, yashi, tsakuwa da rodi duk suna nan kusa, birkila ɗan unguwa ne, idan ya yi ba daidai ba an san gidansu. In an yi shi yadda ya kamata zai iya fin titin kansa daɗewa, ba ruwansa da zafi ko man gas.

To amma yadda ya kamatan nan yana da tsada, kuma a nan ake yaudarar kai. Kankaren da aka ɗora a kan kwalta kai tsaye, gefunansa sirara ne, cikin 'yan makonni za su fara ɓarewa. Dole a yanka kwaltar, a haƙa kamar inci 6, a danne ƙasan, a shimfiɗa ragar rodi, sannan a zuba. A titi mai mita 7, wannan ya kai kankare kubik mita 5 da ɗoriya. A haɗin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kubik mita ɗaya na cin buhu 6 ko sama da haka kaɗan, ke nan tudu guda ya haura buhu 30. Duk birkilan da ya ce buhu 8 ya isa, siririn tudu mai tsini yake nufi, ko kuma yashi zai cika.

Sai babbar magana, lokaci. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, da ruwa yake nuna. A kwana 7 yakan sami kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfi kuma sai kwana 28. Saboda haka ƙananan motoci su jira mako guda, manya su fi haka. A cikin makon nan ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko danshin yashi, ana ba shi ruwa safe da yamma. Iskar hunturu da ranar bazara suna shanye ruwan da wuri, saman ya tsattsage. Na sha ganin an zuba kankare da yamma, da asuba wani ya janye shingen don yana sauri, sawun tayarsa ya zauna a jikin tudun har abada. Unguwar da ba ta da mutanen da za su tsare shinge dare bakwai, ta haƙura da kankare.

A kuma tuna, kuskuren kankare ba ya gyaruwa da sauƙi. In ya fito da tsini, sai an kawo injin fasa dutse. Shi ya sa nake ba da shawarar a yanka katakon awo mai siffar tudun tun kafin ranar aiki, ƙafa 12 da inci 3 a tsakiya, kwamiti ya gani ya amince, birkila ya bi shi.

Dandamalin tsallakawa na intalok

Wannan tudu ne mai shimfiɗaɗɗen sama. Mota na hawa gangare na kimanin ƙafa 6, ta yi tafiyar ƙafa 10 a miƙe, ta sauka wani gangaren na ƙafa 6, jimla ƙafa 22. Saman nan shi ne wurin tsallakawar mutane. Yaro a kansa ya ɗan ɗaga sama, direba na hango shi, kuma a daidai nan ne mota ta fi tafiya a hankali. A ƙofar makaranta, masallaci, coci ko asibiti, ban ga abin da ya kai shi ba. A birnin Dar es Salaam na Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta gyara kewayen makarantun firamare da tudu, wuraren tsallakawa, alamu da hanyar ƙafa, binciken da aka yi kuma ya nuna raunukan da yara ke samu a hanya sun ragu da kashi 26 cikin ɗari.

A titi mai mita 7 zai ci intalok kusan murabba'in mita 47. A nemi mai kaurin santimita 8, domin na santimita 6 na tsakar gida ne, tifa za ta farfasa shi. Ana shimfiɗa shi a kan dannanniyar tsakuwa da yashi, da dogarin kankare a farko da ƙarshe don kada tubalan su baje. Idan dogarin zubawa za a yi, shi ma yana son kwanakinsa. Idan an sayo wanda aka riga aka buga, aikin kan ƙare cikin kwana biyu zuwa uku, da an danne da injin girgiza kuma mota ta hau. Motar asibiti da bas sun fi jin daɗinsa, launinsa daban da na kwalta ko fenti ya goge, ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙasa kuma sai a ɗaga tubalan a gyara a mayar.

Shi ne mafi tsada a jerin nan. Rauninsa ruwa: ya tare titi daga gefe zuwa gefe, in ba a bar masa mafita zuwa kwata ba, ruwan zai taru ya shiga zaurukan mutane, ko ya wanke yashin ƙasa tubalan su lotsa.

Maganar ruwan nan ta shafi duk tudun da aka ambata. A bar ɗan giɓi a gefe kamar taƙi ɗaya don ruwa ya wuce. In ya fi haka faɗi, masu babur za su mayar da shi hanya, su dinga bi ta daidai inda yara ke zama. Inda akwai fili tsakanin titi da gidaje, a kafa turaku biyu ko uku a gefen tudun.

Tsuke hanya

Ba dole sai tudu ba. Ana iya matse titin a wasu wurare da dakali, manyan tukwanen shuka ko durom cike da kankare, ɗaya a dama, na gaba a hagu, yadda direba ba zai ga miƙaƙƙiyar hanya a gabansa ba. Mazauna birnin Delft na ƙasar Holan ne suka shahara da fara irin wannan a ƙarshen shekarun 1960. Ba ya girgiza mara lafiya, ba ya tare ruwa, ana iya gwada shi da durom na mako biyu ba tare da rufe hanya ba. A bar aƙalla mita 3.5 don motar 'yan kwana-kwana. Amma babur kusan bai san an yi ba, kuma durom marar fenti mai ƙyalli a layi mai duhu tarko ne. Masu tebur ma kan mamaye wurin.

Jerin ƙananan tudu masu sa mota kakkarwa kuwa na babban titi ne. A mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi a Ghana, sun rage haɗurra da kusan kashi 35, mace-mace da kusan kashi 55, tsakanin 2000 da 2001. A cikin unguwa ƙararsu za ta hana mutane barci.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Wa zai yi | Rufe hanya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jan ƙasa | Kaɗan ƙwarai | Damina ɗaya | Matasan unguwa | 'Yan awanni | Santsi a kan kwalta |
| Roba | Matsakaici | Gajere inda manyan motoci ke bi | Mutum biyu da na'urar huji | Awa 2 zuwa 3, rabi-rabi | Kusoshi, sata, ƙara |
| Kwalta | Kaɗan in kamfani na wurin, da yawa in ya tafi | Shekaru | Kamfani da rola | Yini ɗaya | Ba a ganinsa da dare |
| Kankare | Matsakaici zuwa da yawa | Mafi daɗewa | Birkila | Kwana 7 ko fiye | Tsini, buɗewa da wuri |
| Dandamalin intalok | Mafi tsada | Shekaru, da kulawa | Masu intalok da birkila | Kwana 2 zuwa 7 | Taruwar ruwa |
| Tsuke hanya | Kaɗan zuwa matsakaici | Ya danganta da kaya | Ma'aikatan unguwa | Kusan babu | Karo da dare |

Yadda za a rufe hanyar

Nan ma zaɓi uku ne. Rufewa gaba ɗaya ta fi ba da aiki mai kyau: tudun na fita a zubi ɗaya, ba gaɓa a tsakiya, ma'aikata ba sa aiki mota na goga musu baya. Tana yiwuwa ne idan layin na da mafita biyu, kuma akwai layin maƙwabta da zai ɗauki motocin. A je a gaya wa mutanen wancan layin tun da wuri, don ƙura da hayaniyar mako guda a kansu za ta sauka.

Rabi-rabi ita ce dabarar layin da ba shi da wata mafita, ko wanda kasuwa ke ci a bakinsa. Ana yin ɓangare ɗaya, motoci na bin ɗayan bi da bi, da mutum mai tuta a kowane gefe. Ga roba da intalok ba matsala. Ga kankare kuwa kwanakin sun ninka, mako biyu maimakon ɗaya, ga gaɓa a tsakiya da ruwa zai iya bi, ga matakala a tsakiyar titi tsawon mako guda da ke jiran mai babur da dare. Titin da bai kai mita 6 ba, rabinsa ba zai ishi mota ba, kada ma a fara.

Aikin dare ko na bayan sallar asuba ya dace da roba da fenti kawai, da sharaɗin akwai haske sosai.

Kowacce aka zaɓa, idan tudun kankare uku ko huɗu za a yi, kada a zuba su rana ɗaya. Gidajen da ke tsakanin biyu za su zama a kulle, ba shiga ba fita. A fara da na tsakiya, kowane gida na da hanyar fita ta gefe ɗaya, in ya nuna a koma na gaba. Allon sanarwa a bakin layi ake kafa shi, inda direba zai iya sauya hanya, don kada tanka ta shigo har wurin aiki sannan a rasa inda za ta juya. A sanar a masallatai da coci da zauren WhatsApp na unguwa mako guda kafin ranar, a faɗi ranar rufewa da ranar buɗewa. A kauce wa Juma'a, ranar kasuwa, makon Sallah da tsakiyar watan Agusta. Hutun makaranta ya fi dacewa. Shinge ya zama abin da ake gani daga nesa, da fitila mai aiki da hasken rana ko ƙyalle mai ƙyalli, ba dutse da reshen darbejiya ba. A bar siririyar hanya a gefe ga masu ƙafa, masu keken guragu da kurar 'yan garuwa. Haihuwa da rasuwa ba sa jiran kankare ya nuna, saboda haka a ajiye mota ɗaya da direbanta a wajen shinge kowane dare, kowa ya san lambarsa.

Wanne ya dace da wa

Layin da ake kan zuba wa kwalta yanzu: ku rubuta takarda yau, ku nemi tudun kwalta kafin injina su tafi, fentin kuma ku tanada da kanku in ta kama.

Ƙofar makaranta, masallacin Juma'a ko asibitin sha-ka-tafi: dandamalin intalok, ko da kuɗin guda ɗaya tak kuke da shi. Ɗaya mai kyau a inda yara ke tsallakawa ya fi sirara huɗu a warwatse.

Layin da tifofi da tankoki ke bi, yana da mafita biyu, kuna kuma da matasan da za su yi gadi: kankare, da katakon awo, da cikakken mako guda.

Layin da ba ya ɓullewa, ko mai shaguna da ba za su jure rufewa ba: intalok da dogarin da aka riga aka buga, a yi shi rabi-rabi. Idan rukunin gidaje ne mai ƙofa da mai gadi, ƙananan motoci kawai ke shiga, roba ta wadatar.

Inda kwamiti ya kasa daidaitawa kan wuri: a sa roba ko durom na wata guda, a ga inda gudu ya ragu da inda ruwa ke kwanciya, sannan a kashe kuɗin dindindin.

Hanyar da motar asibiti ke bi kullum: tsuke hanya, ko dandamali mai sassauƙan gangare, bayan an ji ta bakin direbobin asibitin.

Layin ƙasa: marmara, a shimfiɗe, a sabunta bayan kowace damina.

Idan kuwa titin da ya ratsa garinku na tarayya ne ko babban titin jiha, kada ku ɗora masa komai da hannunku. Ku rubuta wa ma'aikatar ayyuka da FRSC ta hannun hakimi, ku haɗa da ranaku da wuraren da aka yi haɗari, ku nemi alamun gargaɗi, jerin ƙananan tudu a mashigar gari, da wurin tsallakawa a inda mutane suka fi ketarawa.